Sallah a Bolonya da kundin zane a hammata

Tun da na dawo daga Italiya mutum uku suka tare ni da tambaya ɗaya, biyu ta waya, ɗaya a ƙofar masallacin unguwarmu bayan la'asar: Malam, baje kolin nan na littattafan yara da ka je, ya biya kuɗinsa kuwa? Dukansu masu zane ne. Na ƙofar masallacin tsohon ɗalibina ne, har ya fara sa wa babur ɗinsa farashi. Na ce ya dakata in rubuta, don amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya.

Ni malamin zane ne a wata sakandare a nan Sakkwato. Bayan aikin makaranta, na yi shekara tara ina yi wa littattafan koyon karatu na 'yan firamare hotuna: akuya, tulu, Bala yana shara, Binta tana ɗebo ruwa. A aiko mini da jimloli, in zana, a biya ni a kan kowane hoto, in sa hannu a takarda. Da wannan guzurin na tafi Bolonya, wani birni a arewacin Italiya, inda tun 1964 ake yin baje kolin littattafan yara da ya fi kowanne girma a duniya. Wanda na halarta shi ne na 61, daga Litinin 8 zuwa Alhamis 11 ga Afrilu 2024. Mai riƙe lissafi zai tuna kwanakin nan: biyun farko ƙarshen azumi ne, na ukun ranar Sallah.

Da na je yi wa Inna sallama ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Yanzu kai, mutane na tahiya Umra goman ƙarshe, kai ka tahi ƙasar Turawa kallon hotuna? Mi anka rasa nan gida?" Na ce aiki ne, Inna. Ta ce, "To, Allah shi kai ka lahiya, shi maido ka lahiya." Ba ta gamsu ba, addu'a dai ta yi.

Abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya taɓa aljihunsa shi ne, kasuwar littattafan yara ce amma ba za ka ga yara suna guje-guje a ciki ba. Ta masu sana'ar ce. Kamfanonin ɗab'i sama da 1,500 daga ƙasashe kusan 100 ne suka kafa rumfuna a shekarar, kuma ba littafi ɗaiɗai suka zo sayarwa ba. Haƙƙi ake ciniki. Kamfanin Koriya ya buga littafi, na Faransa ya sayi izinin fassara shi, na Brazil ma ya saya, wani ya sayi izinin mayar da shi katun. Duk wanda ya taɓa shiga Kara ranar da kasuwa ta cika zai gane tsarin nan take: dillalai ne zaune, kowa ya san abokin cinikinsa, ana magana ƙasa-ƙasa. Bambancin kawai, su a kan ƙananan tebura suke, kowane zama rabin awa, kuma an tsayar da lokacin tun watanni kafin a zo. Mai zane a cikin wannan hada-hada kamar saurayi ne da ya shigo Kara yana neman wanda zai ba shi kiwo. Ba a kore shi ba, an ma yi masa inuwa da wurin zama, amma ba don shi kasuwar ta ci ba. Sai da na yi yini guda ina yawo kafin wannan ya shiga kaina.

Maganar kuɗi kuwa, tikitin shiga shi ne mafi sauƙi a cikin lissafin, akwai rangwame ga masu zane, kuma tun a gida ake sayensa ta intanet. Abin da ke karya mutum shi ne hanya. Bizar Shengen, wato ta shiga Italiya da wasu ƙasashen Turai, a lokacin Yuro 80 ce, daga baya ta koma 90, ga inshorar lafiya da dole ta kai ta Yuro 30,000, ga takardun banki, ga zirga-zirgar kai takardu daga Sakkwato. Duk wannan ya faɗo a watannin da dala ta haura naira 1,500, ina kwana da lissafi ɗaya in tashi da wani. Na ci adashina, na haɗa da kuɗin wani aiki da aka biya ni a dunƙule, maiɗakina ta cika mini da abin da ta tara na ɗinki. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Istanbul, daga nan Bolonya. Otal a cikin gari a makon baje kolin sai mai hali, don haka na kama ɗaki a Ferara, garin da bai kai tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa ba. Mutane da yawa haka suke yi, wasu Modena, wasu Imola. In ka sayi tikitin jirgi na takarda, ka tura shi a 'yar na'urar da ke tasha ta buga masa lokaci kafin ka hau. Ni ban sani ba, wata tsohuwa ce ta ga tikitin a hannuna ta kama hannun rigata ta kai ni gaban na'urar tana ta faɗa da yarensu. Allah ya saka mata, da tara zan biya.

Kuskuren farko tun a gida na yi shi. Na kai katunan da zan raba wani wurin buga takardu ana saura kwana uku tafiya, guda 200. Shuɗin rini da na wahala wajen haɗa shi a kwamfuta ya fito kamar ruwan zoɓo da aka sirka. Launin allon kwamfuta da haske ake haɗa shi, na injin ɗab'i da tawada huɗu, ba kowane shuɗi ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan lafiya ba. Na sani, ina ma koya wa ɗalibai, amma ban nemi gwaji ba saboda sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka na ɗauke su. Na kuma ɗauki kundin zanena na asali, manyan takardu a jaka mai nauyi, na isa na tarar kowa ɗan ƙaramin kundi ne a hannunsa ko allon hannu na latsawa. Kafaɗata ta yi mako tana tuna mini.

Da ka shiga ƙofa, abin da zai fara tare ka shi ne bangon masu zane. Dogayen alluna ne farare da aka tanada, kowa ya liƙa katinsa ko hotonsa da adireshinsa, da fatan wani edita zai wuce idonsa ya faɗa kai. Na isa wajen ƙarfe goma na safiyar Litinin, wurin da hannu ke kaiwa duk ya cika. Wasu a durƙushe suke liƙawa, wasu sun hau kafaɗar abokai. Ban zo da salatif ba, wata yarinya 'yar Taiwan ta yanko mini nata. Na liƙa katina a gefen wani kada mai sanye da tabarau. Da na dawo ranar Talata sai da na ɗaga takardu biyu kafin na gan shi a ƙasa. A matsayin abin kallo bangon nan ya isa a tsaya masa, za ka ga hannun duniya gaba ɗaya a wuri ɗaya, kuma in kana da girman kai a nan zai fara narkewa. A matsayin hanyar samun aiki, ni dai har yau babu wanda ya rubuto ya ce a bango ya gan ni.

Gaba kaɗan akwai nunin zane-zanen da aka tace, wanda aka fara tun 1967. Kowane mai zane hoto biyar yake aikawa a kan jigo ɗaya, dubbai ne ke aikawa kowace shekara, waɗanda alƙalai ke ɗauka ba su kai 100 ba. Bayan an tashi, nunin yakan zagaya har Japan, gidan adana zane na Itabashi a Tokyo ya daɗe yana karɓarsa. Zagayena na farko da raini na yi shi, ba zan ɓoye ba. Wasu hotunan in ɗan aji ɗaya ya kawo mini su, ce masa zan yi ya koma ya gyara hannu. Kai ya fi jiki, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, launi ya tsallake layi. Mu an tashe mu a kan cewa gwanin zane shi ne wanda zai zana Sardauna ka rantse hoto ne. Sai a zagaye na biyu, da yamma da mutane suka ragu, na lura cewa ina tsayawa a gaban kowane jeri ina bin hoto na ɗaya zuwa na biyar, ina son in san abin da ya faru da ɗan karen nan ko tsohon nan mai lema. Babu kalma ko ɗaya a jiki, amma an ba ni labari. Na koma na zauna na buɗe nawa kundin, na ga hotuna talatin masu kyau waɗanda babu wanda ya san ɗan'uwansa a cikinsu.

Abin da ya kai yawancin masu zane can shi ne a duba musu kundi. Hanya biyu ce. Akwai wani sashe da aka ware mana, sunansa Illustrators Survival Corner, inda ake yin laccoci da bita, ƙwararru kuma suna zama su duba aikin mutum, amma guraben kaɗan ne, sai ka yi sammako ka yi rajista. Sannan wasu kamfanoni sukan liƙa 'yar takarda a rumfarsu cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza daraktan zanensu zai ga masu zane. Kafin lokacin ya yi layi ya zagaye rumfar. Ranar Talata na bi irin wannan layin awa ɗaya da minti ashirin, da azumi a bakina, don zaman da bai wuce minti biyar ba.

Minti biyar ɗin nan su ne mafi tsada da mafi amfani a tafiyar. Matar da ta karɓe ni ta manyanta, gashinta fari, tana buɗe shafi da sauri kamar mai ƙirga kuɗi. Ta tsaya a kan Binta. Ta tambaye ni me rubutun ƙasa ke cewa, na fassara mata: Binta tana ɗebo ruwa. Sai ta sa tafin hannunta ta rufe rubutun, ta ce ba ta rasa komai ba. Ta ɗaga ta rufe hoton, ta ce nan ma ba ta rasa komai ba. Ta ce hannuna yana da kyau, amma maimaita marubuci nake yi, to me ya sa za a biya mutum biyu su faɗi magana ɗaya? Da rubutun ya ce Binta tana ɗebo ruwa, ni kuma na nuna tulun yana yoyo ta baya ba ta sani ba, akuya na biye da ita tana lasa, da yaro ya sami abin da zai gano da kansa ya yi dariya kafin babba ya gani. Sannan ta tambaya ina yaro ɗaya da na bi shi shafi goma, yana dariya, yana kuka, ta baya, daga sama, kuma a gane shi ne. Ba ni da shi. Ta miƙo mini kundina, ta ce na gaba.

Na fita raina a ɓace, na sami gefen wata rumfa na zauna a ƙasa kamar yadda kowa ke yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya ta faɗa, kuma abu ne da na sani tun ina yaro ban taɓa haɗa shi da zane ba. Kakarmu in tana tatsuniya, daidai inda kura ta iso bakin ƙofar Gizo nan take tsayawa ta gyara zama ko ta nemi goronta, mu kuwa kamar mu mutu. Wannan tsayawar ita ce juya shafi. Littafin hoto na yara galibi shafi 32 ne, saboda babbar takardar ɗab'i ninke ta ake yi ta ba da shafi takwas ko sha shida. In ka cire shafin suna da na bayanan kamfani, abin da ya rage maka buɗewa goma sha biyu zuwa sha huɗu ne, kuma a ƙarshen kowace buɗewa dole ka bar abin da zai sa ɗan yatsan yaro ya kai gefen takarda. Shi ya sa masu zanen da suka san kan abin ba tarin hotuna suke zuwa da shi ba. Ɗan littafin gwaji suke ɗinkawa da hannu, zanen fensir daga farko har ƙarshe, biyu ko uku kawai aka yi wa launi. Shekara tara ina aikin nan babu wanda ya taɓa neman wannan a wurina, don littafin koyon karatu aikinsa daban: hoton akuya yana nan ne don yaro ya gane kalmar akuya. Aiki ne mai daraja, ba na rena shi, shi ya biya mini kuɗin jirgi. Amma wata sana'a ce, ni kuma na ɗauka ɗaya ce da wannan.

Ba kowane zama ne ya yi albarka haka ba. A wata rumfar wani mutum ya buɗe shafi uku yana duba wayarsa, ya ga daga Najeriya nake, ya tambaya ko ina da namun daji, zaki ko raƙumin dawa, don suna neman littafin Afirka. Na ce masa raƙumin dawa ban taɓa gani ba sai a talabijin, amma raƙumin gida mai ɗauko kaya ta hanyar Illela na zana shi ya fi sau ɗari. Bai gane abin dariyar ba, ni ma a Turance ba ta fito mini daidai ba. Muka rabu.

Rumfunan Afirka ba su da yawa, kuma nan na fi daɗewa. Tun 2013 baje kolin ke ba da kyautar kamfanin ɗab'in yara mafi ƙwazo na shekara, an raba duniya shiyya shida, Afirka na da nata gurbin. Na ga littattafai da Larabci, da Swahili, da Faransanci daga maƙwabtanmu. A iya zagayena ban ci karo da na Hausa ko ɗaya ba. Baƙuwar girmamawa ta shekarar Sulobeniya ce, ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan biyu da 'yan kai ba, amma ta cika fili guda da masu zanenta. Jihar Sakkwato kaɗai ƙidayar 2006 ta ba ta miliyan 3.7. Na tsaya a wurin ina wannan lissafin har wani ma'aikaci ya tambaye ni ko ɓata na yi. A ranar Talatar kuma aka sanar da kyautar tunawa da Astrid Lindgren, marubuciyar littattafan yara 'yar Suwidin, kuɗin Suwidin miliyan 5, ta tafi ga Indigenous Literacy Foundation ta Ostareliya, ƙungiyar da ke kai littattafai ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, tana kuma buga wasu da harsunansu. Harsunan nan wasu masu jin su ba su cika unguwa ɗaya ta Sakkwato ba. Kwana ɗaya kafin nan an ba Sydney Smith na Kanada lambar Hans Christian Andersen, marubucin tatsuniyoyi ɗan Denmark, ta zane, Heinz Janisch na Ostiriya ya karɓi ta rubutu. Na nemi littattafan Smith na duba yadda yake sarrafa haske a kan ruwa da gilashin taga, na ji kamar in koma aji.

A ɗaya daga cikin rumfunan Afirkan ne wata mai kamfani daga gabashin nahiyar ta yi mini tambayar da ta hana ni barci. Ta ga wani hoton makaranta allo da na yi, yara zagaye da wutar kara da dare, ta ce tana so, wa ke da haƙƙinsa? Na ce ni na zana. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Da na dawo gida na binciko takardun da na riƙa sa wa hannu, na karanta su a karon farko da idon basira. Duka na sayar, har abada, a kowane harshe, a kowace ƙasa, a kan kuɗin da na kashe a cefanen mako biyu. Babu wanda ya cuce ni, an rubuta, ni ne ban karanta ba. A can na ji yadda ake yi a kasuwar littattafan hoto: a ba ka wani abu a gaba, sannan kana da kaso a kan kowane kwafi da aka sayar, wanda galibi ake raba shi tsakanin marubuci da mai zane, in an sayar da izinin fassara kuma nan ma kana da rabo. Za ka iya ba da izini na shekaru kaza, ko na harshe kaza, ka riƙe sauran. Hoton da na zaci kamar tumatir ne, a sayar yau a manta, ashe gona ne da ake bayarwa haya.

Wata rana da yamma, ina yawo a cikin gari a ƙarƙashin rumfunan nan nasu na gefen titi da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi a 2021, waɗanda da titin Ahmadu Bello na da irinsu da zafin Afrilu bai kashe mu ba, na tsaya a tagar wani shagon tsofaffin littattafai masu bangon jar fata. Turawa fatar Maroko suke ce wa irinta. Alhali sanannen abu ne cewa da yawa daga fatar da ta yi wannan sunan ta jar akuyarmu ce, majemanmu suka jeme, ayari ya ketare Sahara da ita, ta shiga Turai ta tashoshin Maroko ta ɗauki sunansu. Wato mun daɗe a cikin harkar littafin Turai, ta baya, a bango, da sunan wani.

Ga mai azumi ko mai kiyaye abin da yake ci, a yi hattara, Bolonya garin naman alade ne. Mortadella tasu da suke alfahari da ita alade ce, cikin tortellini alade ne, miyar naman da ake zuba wa taliya ma galibi da shi. Har burodin Ferara mai ƙahoni huɗu da kitsen alade ake murza shi. Ka riƙe kalma biyu, maiale da strutto, naman da kitsensa ke nan, ka duba takarda ko ka tambaya. Kada kuma ka ce za ka yi guzurin kilishi, ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje. Dabino da ƙuli-ƙuli na ɗauka. Rana ba ta faɗuwa sai kusan takwas saura, an riga an tashi daga baje kolin, don haka a tasha nake buɗe baki, sannan in nemi shagon 'yan Pakistan ko Bangladesh da ke kusa in ci shinkafa. Azumin ya fi namu tsawo amma babu ƙishi, wanda ya saba da Sakkwato a Afrilu wannan hutu ne. Salla kuwa, ɗan dardumata na aljihu nake shimfiɗawa a wani lungu a waje tsakanin zaure da zaure, babu wanda ya taɓa ce mini kanzil.

Daren Litinin ƙanena ya turo mini saƙo cewa fadar Sarkin Musulmi ta sanar ba a ga wata ba, za a cika talatin, Sallah sai Laraba. Can ma Laraba aka yi. Na yi Idi da 'yan Maroko da Senegal da Bangladesh, wani ɗan Agadas ya ji ina waya da Hausa ya rungume ni kamar ɗan ɗakinsu. Daga nan na wuce baje kolin da babbar rigata da hula, don ban ga dalilin da zai sa in tuɓe kayan Sallah ba. Mutanen da suka tsayar da ni a ranar sun fi na kwana biyun baya a haɗe. Aka yi ta ɗaukar hoto, katunana masu launin zoɓo suka ragu sosai. Na ji daɗi, kuma ban ji daɗi ba, don rigar ake tambaya, wa ya yi aikin wuyan, kwana nawa ya ɗauka. Mutum biyu kacal suka ce in buɗe kundin. Da na kira gida Inna ta ce an kai mata tuwon Sallah har ɗaki, ta tambaya ko na ci nama. Na ce na ci, alhali biskit ne a aljihuna.

Ga abin da ya biyo baya, don kada a ce na ɓoye. Na dawo da katunan mutane cike da ambulan, na rubuta wa goma sha bakwai, uku suka amsa. Ɗaya ta ce in sake tuntuɓarta in na haɗa littafin gwaji. Ɗaya ya ba ni shafi guda na gwaji, na yi, bai ɗauka ba. Ta ukun ita ce matar nan ta gabashin Afirka, ta ba ni ƙaramin aiki, kuma a karon farko na sa hannu a takardar da ta ce bayan shekara biyar hotunana nawa ne. Kuɗin aikin bai kai rabin tikitin jirgi ba.

Saboda haka, kai mai babur, kada ka sayar. Wurin yana da tsari, an san darajar mai zane, kuma abin da za ka gani a kwana huɗu ba za ka gan shi a waya ba, gani ya kori ji. Amma in ka je da irin kundin da na je da shi, kuɗin babur za ka biya a gaya maka abin da na gaya maka yanzu kyauta. Ka zauna ka ɗinka littafin gwaji mai shafi 32, yaro ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka zaɓi hoto biyar ka aika wa nunin nan ta intanet, wajen ƙarshen shekara ake rufe karɓa, daga ɗakinka a Mabera za ka yi shi ba biza ba jirgi. In za ka je, ka nemi wanda zai ɗauki nauyin tafiyar, kuma ka fara rubuta wa kamfanoni neman ganawa tun watanni uku kafin lokacin, ka fi mayar da hankali ga na Afirka da na Larabawa, su ne suka fi saurarata. Ni zan koma in Allah ya yarda, amma ba da adashina ba.

Ranar Alhamis kasuwa ta watse tun kafin azahar, manyan dillalai sun tafi, ana naɗe kaya. Wasu rumfunan sukan sayar da littattafan da suka baje da sauƙi don kada su koma da nauyi. Da sauran canjin da ke aljihuna na sayi guda huɗu, ɗaya daga ciki irin marar rubutun nan ne, hoto zalla daga bango zuwa bango: wata yarinya ta fita daga gida, ta bi wani tsuntsu, ta ƙare a bakin teku. Shi na kai wa Inna tsaraba, da ɗan tsokana, tunda ta ce kallon hotuna na tafi. Ba ta yi boko ba, karatunta na allo ne. Bayan kwana biyu na shiga gaishe ta da magariba na tarar jikoki sun kewaye ta, littafin a cinyarta. Ta buɗe shi ta dama, yadda ta saba buɗe littafi duk rayuwarta, ta fara daga teku. A bakinta yarinyar ɓata ta yi a bakin gulbi, tsuntsun ne ya biyo ta yana nuna mata hanya har ya kawo ta ƙofar gidansu. Babbar jikar, wadda ke aji huɗu, ta ce, "Inna, ta baya kika fara." Inna ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ke ar rubuta shi? Zamna ki ji." Ta lashi yatsa ta juya shafi.